Sanƙiran Sufyanu Ya Yi Cigiyar Amarya

A garin Anka, idan ka ce Sufyanu ba lalle a gane wanda kake nufi ba, amma da ka ce Injiniya, ko awakin bakin tasha sun san ƙofar shagonsa. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya dawo daga Gusau bayan 'yan watannin koyon kwamfuta, ɗauke da takardar shaida da wani tabarau wanda ba na ciwon ido ba. Sana'ar shagon cajin waya ce da tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi, amma allon da ke saman ƙofa cewa ya yi Cibiyar Fasahar Zamani ta Afirka ta Yamma, Reshen Anka. Har yau ba a samu wanda ya san inda sauran rassan suke ba.

A faɗi gaskiya, dabarar da ta zo masa mai kyau ce. Ya lura yadda mutane ke wahala wajen isar da goron gayyata da sanarwar suna da ta rasuwa tsakanin Anka da Gummi da Bukkuyum, ga hanya ba kullum ake shiga cikinta da kwanciyar hankali ba. Sai ya ce me zai hana a yi manhajar da za ta kira wayar kowa, ko ƙaramar nan ce mai tocila, murya ta karanta masa sanarwa? Ya sa mata suna Sanƙira. Matsalar ɗaya ce, bai iya rubuta ta ba. Wanda ya iya shi ne abokinsa Umar Faruk, wanda ya yi karatun abin har ƙarshe. Shi ya zauna ya rubuta, Sufyanu kuma yana tsaye a kansa yana ba da umurni yana cin gyaɗa.

Ana gab da gamawa aka kira Umar Faruk aiki a Kaduna. Ranar da zai tafi, jaka a kafaɗa, ya tsaya a bakin shago.

"Injiniya, ka saurare ni da kyau. An tsara, an rubuta, amma ba a yi gwaji ba. Kada ka sake ta ga jama'a. Ka samu wayoyi kaɗan na mutanen gida, ka riƙa tura sanarwar ƙarya kana sauraren abin da ka hitowa. Duk inda ta yi tuntuɓe ka gaya min in gyara. In ta tsaya da ƙahwahunta, sannan a saki."

Sufyanu ya gyara tabarau. "Gwaji na wanda bai yarda da kainai ba ne. Ka taɓa ganin an gwada zakara kahin shi yi cara?"

"Na dai ga wanda yay yi cara ba lokaci ba. Da shi anka yi miya."

"Kai dai tsoro gare ka, shi as sa ba ka yin suna. Tahi abinka, Allah shi kiyaye hanya."

Ƙurar motar Umar Faruk ba ta kwanta ba, Sufyanu ya buɗe kwamfuta ya shiga ƙara wa Sanƙira basira. Yadda Umar ya bar ta, sai mutum ya zaɓa da hannunsa ko sanarwar aure ce, ko suna, ko cigiya, ko rasuwa. Sufyanu ya ga wannan ƙauyanci ne. Ya kalli wani bidiyo a intanet, datarsa ta ƙare a tsakiya, ya ce ai sauran ya gane. Ya ƙulla mata wani abu da zai sa ta duba kalmomin farko ta gane irin sanarwar da kanta. Ya kuma sa ta riƙa sake kiran duk wanda bai ɗauka ba. Lambobin waya kuwa dama yana da su jibgi, na masu kawo caji da na 'yan kasuwa da na dangin dangi har Gummi da Bukkuyum, duk ya zuba. Lamba ɗaya ce bai sa ba, tasa, don a cewarsa babban mutum ba a damunsa da kira.

Saura babban kwastoma. Ya nufi Alhaji Dikko, dillalin shanu da ake ji da shi a kara, wato kasuwar dabbobi, wanda ke shirin aurar da 'yarsa Humaira, malamar asibiti, ga wani malamin makaranta na Gummi mai suna Abdulrashid. Ya same shi a zaure ransa a ɓace, domin saniyarsa da ya fi ƙauna, Wule, ta ɓace daga hannun makiyayi.

"Alhaji, hwaɗuwa ta zo daidai da zama," in ji Sufyanu. "Gayyatar biki da cigiyar saniya, dannawa guda, gari ukku sun ji. Ba kati, ba man mashin, ba roƙon kowa."

Alhaji Dikko ya dube shi sama da ƙasa. "Abin nan naka, an gwada shi?"

"An gwada shi? Alhaji, da irin wanga mutanen Chana ka kiran junansu cin abinci."

"Ni ba Chana nit tambaye ka ba."

"In ya yi kuskure ko na wasali guda, a canza min suna."

Alhaji ya yarda, ba don ya gamsu ba, sai don zafin rashin Wule. Ya zayyana masa kamanninta kamar mai yabon budurwa, ya faɗi ranar ɗaurin aure da sunan ango. Sufyanu ya shigar da duka biyun a jere.

Ranar kasuwa da hantsi aka yi bikin ƙaddamarwa a tsakiyar kara. Sufyanu ya yi hayar lasifika, ya ɗora kwamfuta a kan tebur, ya sa kwat da laktaye cikin zafin da ko shanu sun nemi inuwa. Ya yi jawabi mai tsawo, inda ya bayyana cewa daga yau Anka ta wuce Dubai, abin da ya rage kawai dogayen benaye. Sannan ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya yi bisimilla, ya danna.

Aka yi tsit. Can sai wata waya ta yi ƙara a aljihun wani mahauci. Sai ta biyu. Kafin ka ce kwabo kara ta ɗauka gaba ɗaya, wayoyi na ruri ta ko'ina har wani bijimi ya tsinke igiya. Sufyanu ya buɗe hannuwa kamar mai jiran a rungume shi. Mutane suka kanga wayoyi a kunne, lasifika kuma ta saki muryar Sanƙira, wata murya ta mace mai sanyi, marar hawa da sauka, da Hausar gidan rediyo.

"Assalamu alaikum. Cigiya. Ana cigiyar Humaira ta gidan Alhaji Dikko. Fara ce, mai ƙiba, ƙahonta na hagu a karye. Tana da ciki wata bakwai. Tana harbi, a kiyayi bayanta. Wanda ya gan ta ya ɗaure ta ya kawo ƙofar gidan Alhaji Dikko. Akwai tukuici."

Ba wanda ya motsa. Goron da ke bakin Alhaji Dikko ya faɗo ƙasa. Muryar ta ɗan numfasa ta ci gaba.

"Assalamu alaikum. Gayyata. Alhaji Dikko na farin cikin gayyatar 'yan'uwa da abokan arziki zuwa ɗaurin auren Wule da angonta Malam Abdulrashid na Gummi. Allah ya ba da ikon zuwa."

Mahaucin nan ne ya fara fashewa, sauran suka bi. Wani tsohon Bafillace ya dafa sandarsa yana share hawaye yana cewa, "Wule ba ɓata tay yi ba ashe, gidan miji tat tahi!" Wani ya ɗaga murya daga bayan tumaki, "Allah shi ba da zaman lahiya, shi kawo maruƙa masu albarka!"

Alhaji Dikko ya kama laktayen Sufyanu ya naɗe a hannu kamar igiyar tunkiya.

"Ɗiyata ka da ƙaho?"

"Alhaji, sabis ne. In sabis ya yi rauni shina haɗa sunaye."

"Sabis ɗin ne yay yi mata ciki wata bakwai?"

"Ka ba ni lokaci kaɗan. Injiniya ba ya kuskure, sai dai na'ura ta kasa fahimtarsa. Yanzu zan aika gyara."

Ya suɓule, ya rungumi kwamfuta ya ruga shago, ya rufe ƙofa. Gumi na ɗiga a kan madannai ya rubuta ban-haƙuri da sunan Alhaji, kalmomi masu taushi waɗanda shi kansa suka burge shi: Alhaji Dikko ya rasa bakin magana kan abin da ya faru, yana ba kowa haƙuri. Ya karanta sau biyu, ya yaba wa kansa, ya danna. Da yake lambarsa ba ta ciki, bai ji abin da ya fita ba. Ya sha ruwan leda, ya goge takalmi, ya ba gari lokaci ya huce, sannan ya nufi gidan Alhaji don karɓar godiya.

Tun daga kan kwana ya hango taro. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, mutane na ta kwararowa, masu shaguna na rufewa. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ce a ransa, ka ga aikin fasaha, saƙo guda ya tara gari. Ya gyara kwat ya kutsa cikin mutane yana murmushi yana ɗaga hannu.

"Sannunku, sannunku. Ba komi, aikinmu ne."

Wani dattijo ya harare shi. "Kai wane irin marar imani ne? Ana makoki kana washe haƙora?"

"Makokin wa?"

Sai wayar dattijon ta sake ruri, haka ta na kusa da shi, haka ta kowa. Sanƙira ba ta bambance wanda ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba, kowa take sake kira. Dattijon ya danna, muryar nan mai sanyi ta fito.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji Dikko ya rasu. Bakin magana kan abin da ya faru, ana ba kowa haƙuri. Za a yi jana'iza bayan sallar la'asar."

Sai a nan Sufyanu ya gane. Basirar da ya ƙara ce ta ga "ya rasa", ta yanke hukunci. Daga cikin gida kuwa kuka ne ke tashi, kuma kowa ya yarda da labarin, don an ce baƙin cikin abin da aka yi wa 'yarsa a kara ne ya buga masa zuciya. Har an tura samari maƙabarta da diga da shebur.

Yana neman hanyar zamewa sai wata mota ta ci burki, wata mata mai jiki ta diro, gyale a ɗamare a ƙugu. Gwaggo Zubaida ce, yayar mahaifin ango. Ta baro Gummi da niyyar faɗa tun saƙon farko, saƙon rasuwa ya same ta a hanya, don haka ta iso da abu biyu a baki ba ta san wanda za ta fara saukewa ba.

"Wayyo Alhaji! Allah shi jiƙan Alhaji, mutumin kirki! Amma ina yarinyar take? A hito min da ita in gani! Allah shi sa ya huta! Wata bakwai, kuma anka ɓoye muna? Allah shi ba ku haƙuri! Ɗanmu kuma an ce saniya za a ba shi!"

Humaira ta fito ƙofar zaure da kanta, ido jawur, siririya kamar karan dawa. Ta tsaya gaban Gwaggo Zubaida ta buɗe mayafi.

"Gwaggo, ga ni. Duba da kyau. In kin ga cikin ki nuna min, in kin ga ƙahon ki kama."

Gwaggo Zubaida ta duba ciki, ta kai ido har goshi don ta tabbatar, sannan ta rungume ta ta ɓarke da kuka na gaske.

Ana cikin haka wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da mashin, marigayin ya sauko daga baya. Alhaji Dikko ya tsaya a kara ne yana rantse-rantse ga abokan ciniki cewa 'yarsa lafiya lau take, ya kashe wayarsa saboda yawan kira, sai da wani ya zo ya yi masa ta'aziyyar kansa sannan ya hau mashin. Da mutane suka gan shi tabarmi suka tashi sama. Masu salati na yi, masu gudu na yi, wani ya bar takalmi, wani ya haye katangar maƙwabta da babbar riga. Wani tsoho mai nauyin ji, wanda bai ga dalilin gudu ba, ya miƙa masa hannu.

"Ya haƙuri? Ashe Alhaji lokaci ya yi."

"Ni ne Alhajin!"

"Awo, haka nan ne, duk can za mu."

Alhaji ya ƙwace hannunsa, idonsa ya sauka kan kwat a cikin taro. "Ku kamo min shi!"

Aka kawo Sufyanu gaba, kwamfuta a ƙirji kamar garkuwa. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, wadda ta zo gaisuwar mutuwa da kwanon gumba a kai, ta ajiye kwanon ta matso.

"Suhuyanu, kai ne ka kashe Alhaji?"

"Inna, ai ga shi nan da rai."

"Da rai ba da taimakonka ba. Tun kana yaro kowace rediyo kat taɓa sai ta koma magana da aljannu."

"Inna, a gaban mutane Injiniya ake ce min."

"Ni da nih haihe ka ban ga injin ba."

Wayoyi suka sake ɗaukar ruri, Alhaji ya sake rasuwa a aljihun kowa. Ya dafe kai. "Kashe ta! Kashe abin nan kahin a binne ni!"

Sufyanu ya danna nan, ya danna can. Gaskiyar magana bai san inda ake kashe ta ba, don aikin ba a cikin kwamfutarsa yake gudana ba, yana can inda Umar Faruk ya ajiye shi a intanet, kuma wayar Umar ba ta shiga. Amma Injiniya ba ya cewa bai sani ba.

"Kashewa ba ita ce mafita ba. Saƙo guda zan aika in ɗauki laihin a kaina, shi zai goge na baya."

"Kada ka sake taɓa ta!" in ji Alhaji da Humaira da Inna a tare.

Ya riga ya rubuta: Injiniya Sufyanu ya ɓata wa jama'a rai, a yafe masa. Ya danna. Saƙon bai fita nan take ba, ya shiga layi bayan na rasuwa. Daidai lokacin wata motar 'yan ta'aziyya daga Bukkuyum ta iso da kuka, hankalin kowa ya koma can. Sufyanu ya ga ƙofa ta buɗe. Ya ajiye kwamfuta a kan tabarma, ya bi ta bayan masallaci, ya tare wani ɗan kabu-kabu baƙo wanda bai san fuskarsa ba.

"Nasarawa Burkullu, wajen kawuna. Ka yi sauri, aikin gaggawa ne na gwamnati."

Suka bar kwalta suka hau turɓaya. Iska ta fara busar da gumin Sufyanu, har ya soma ba ɗan kabu-kabun labarin yadda manyan kamfanoni ke rububinsa. Ba su yi nisa da gari ba wayar mai mashin ta yi ƙara. Ya tsaya gindin wata tsamiya ya ɗauka. Sufyanu na jin muryar tar daga baya.

"Assalamu alaikum. Cigiya. Injiniya Sufyanu ya ɓata. Fari ne, mai ƙiba, ƙahonsa na hagu a karye. Wanda ya gan shi ya ɗaure shi ya kawo ƙofar gidan Alhaji Dikko. Akwai tukuici."

Mai mashin ya juyo a hankali. Ya dubi kwat, ya dubi laktaye, ya dubi tabarau.

"Malam, mi kac ce sunanka?"

"Ni? Abubakar."

"To mi as sa anka rubuta Injiniya Sufyanu ga aljihun rigarka?"

Bajon da ya buga wa kansa don bikin ƙaddamarwa ne, da manyan baƙaƙe masu ruwan zinare. Sufyanu ya rufe shi da tafin hannu.

"Ai ka ji an ce mai ƙaho. Ka ga ƙaho a kaina?"

"An ce ya karye."

Sufyanu ya diro ya zuba da gudu cikin gonar gero, takalmin ofis na zamewa. Bai yi nisa ba ya yi karo da wasu makiyaya biyu suna jan wata farar saniya mai ciki, ƙahon hagu a karye. Tun safe da suka ji cigiyar Humaira suka gane ba mutum ake nufi ba, don saniyar ta kwana biyu a cikin garkensu ba su san mai ita ba. Suna hanyar kai ta ne sabon saƙo ya shigo. Babban cikinsu ya sa sanda ya tare Sufyanu, ɗan kabu-kabu ya iso yana haki.

"Nawa ne, ni nig gan shi da farko!"

"Mu munka tare shi."

"To ku riƙe saniya, ni in riƙe Injiniya."

"Igiya guda muka da ita."

Aka yi sulhu a kan igiya gudan. Aka ɗaura kai ɗaya a wuyan Wule, ɗayan a ƙugun Sufyanu, aka sa shi a baya. Ya yi ƙoƙarin yi musu bayanin cewa wannan take haƙƙin masana ne, Wule ta ɗaga ƙafa ta ba shi amsa a ƙauri. Daga nan ya ja baya iya tsawon igiya.

Haka suka shigo Anka da la'asar sakaliya, mashin a gaba yana hon, saniya a tsakiya, Injiniya a baya yana ɗingishi. Masu shayi suka bar tukwane, mata suka leƙo ta kan katanga. Kafin su kai ƙofar gidan Alhaji Dikko, taron ya ninka na jana'iza. Ango Abdulrashid ma ya iso daga Gummi, fuska a murtuke, don tun a tasha ake kiransa mijin Wule.

Alhaji ya fito. Bai ko kalli Sufyanu ba, ya rungumi wuyan saniyarsa yana shafa ta yana kiran sunanta. Sufyanu ya ga dama ta samu, ya miƙe tsaye iya yadda igiya ta bari.

"Jama'a, ku shaida! Wa yag gano saniyar ga? Sanƙira! Wa yat tara gari ukku wuri guda ba kati ba goro? Sanƙira! Ni kaina da niɓ ɓace, cikin ƙanƙanin lokaci anka gano ni. Wace hujja kuka so wadda ta hi wannan?"

Wayar Alhaji, wadda ya sake kunnawa, ta yi ƙara, kowa ya ja baya. Amma wannan karon mutum ne. Umar Faruk ne daga Kaduna, ya fito daga wajen aiki ya kunna waya ya tarar da rasuwa, ya kira don yin ta'aziyya, sai mamacin ya ɗauka. Da aka yi masa bayani ya ce a ba shi ɗan lokaci. Bai jima ba ya ce ya rufe ta, ba za ta sake kiran kowa ba. Ya nemi a kanga wa Sufyanu wayar a kunne, aka buɗe murya kowa na ji.

"Injiniya, ka yi gwajin da nic ce?"

Sufyanu ya share turɓaya daga kwat. "Shi muka gamawa yanzu. Kai ka ce wayoyi kaɗan, ni kuwa ba na ƙaramin aiki."

Sai da aka riƙe Abdulrashid.

Dattawa suka zauna a kan tabarmin makoki don yanke hukunci. Wasu suka ce a kai shi wajen hukuma, Inna Tabawa ta ce a ba ta shi kawai ta shiga da shi ɗaki. Humaira ce ta raba gardama daga bakin zaure.

"Baba, duka ba ya goge abin da kunne yaj ji. Har yanzu akwai ƙauyen da anka san ina da ƙaho, akwai inda aka yi maka addu'ar kabari. Tunda sanƙira yake so, shi zama sanƙiran. Shi bi kasuwa-kasuwa da bakinai, Anka da Gummi da Bukkuyum, shi gyara abin da yaɓ ɓata, shi kuma gayyaci mutane biki yadda ya kamata."

Gwaggo Zubaida ta rangaɗa guɗa. Ta ce yarinyar da ke da irin wannan kai, ko da ƙahon ma sun karɓa. Aka tsayar da biki yadda aka sa, aka sallami makiyaya da ɗan kabu-kabu da tukuicinsu, aka tura a gaya wa samarin maƙabarta su mayar da ƙasa.

Washegari aka rataya wa Sufyanu ƙaramar lasifika mai batir a wuya. Kasuwa bayan kasuwa, rana na dukansa, yana tafe yana shela: "Jama'a ku saurara! Alhaji Dikko bai rasu ba! Humaira mutum ce, ba ta da ƙaho, ba ta harbi! Malam Abdulrashid ba saniya zai aura ba!" Duk inda ya tsaya sai an ce ya maimaita, ba don ba a ji ba.

A kasuwar Gummi wani mai sayar da albasa ya tare shi, ya miƙa masa ruwa, ya ce, "Injiniya, ina na'urar taka? Ya aka yi kake yawo da ƙahwa?"

Sufyanu ya shanye ruwan, ya gyara tabarau da ya rage gilashi ɗaya, ya dubi mutumin da tausayi irin na masani ga jahili.

"Wannan da kake gani shi ne sabon samfuri. Ba ya cin data, ba ya neman sabis. In kana da biki ko suna, yi magana tun yanzu, layi ya yi tsawo."